Yadda Na Haska Tekun Surukina

Ba zan taɓa mantawa da jajibirin sunan ɗana na fari ba, kuma ko da na so mantawar, matan unguwar surukaina ba za su bar ni ba. Har yau in na ratsa layin a kan babur sai wata ta leƙo ta ce, "Mai hitila, yaushe za a sake kunna muna?" Ni kuwa sai in ƙara wuta, in yi kamar iska ta toshe mini kunne.

Sana'ata sayar da kayan wuta ce a Yelwa: ƙwan fitila, waya, batir, farantan sola, tocilan. Shagon ba wani babba ba ne, bakina ma ya fi shi girma. A wancan lokacin, in ka tambaye ni abin da ban taɓa ji ba game da fitila, nan take za ka sami amsa, da misali, da rantsuwa a kai. Komai ina ajiyewa a shagon nan ban da "ban sani ba".

Surukina, Baba Alhaji, ya yi shekaru masu yawa a Jidda yana kula da kifayen ado a wani babban otal. Da ya gaji ya dawo gida ya yi gini a bakin kogi, abin da ya fara sawa a falo, tun kafin kujeru, wani zabgegen akwatin gilashi ne cike da ruwan gishiri. Teburin ƙarfen da aka ɗora shi a kai ya kai ƙuguna, gilashin kuma ya wuce kaina, sai an taka tsani ake leƙa cikinsa. Mutanen gidan Teku suke ce masa. (Ka duba fa: mutum yana zaune a bakin ruwan da kifi har kyautarsa ake yi, amma ya zauna yana dama gishiri a duro saboda kifin da ba a ci.)

Kifayen ma ba su ne 'yan lelensa ba. Murjani ne. Ni da a wuyan amare kawai na san murjani, ashe halitta ce mai rai da ke girma a kan dutse a ƙarƙashin teku, kuma haske ne rabin abincinta. Akwai wani babba a tsakiyar Tekun, mai rassa kamar ƙahon barewa, kore shar, bakin rassan ruwan hoda. Baba ya raine shi tun bai wuce ɗan yatsa ba, har suna ya sa masa, Dattijo. In ya dawo masallaci da asuba, Dattijo yake fara dubawa kafin ya amsa gaisuwar Inna, matarsa. Ba ƙage na yi ba, Inna ce da bakinta take faɗa.

To, matata Saratu ita ce 'yarsu ta fari, ka kuwa san abin da wannan ke nufi. Tsakanina da Baba sai gaisuwa. Tun daga zaure nake tuɓe takalmi, in durƙusa can nesa, in ce, "Baba, ina wuni?" Shi kuma ya dubi bango ya ce, "Lahiya lau, Malam. Madalla." Shi ke nan, an gama hirar ranar. Bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa ganin ina cin abinci ba, bai taɓa ganin kaina ba hula ba. In akwai magana, shi ya gaya wa Inna, Inna ta gaya wa Saratu, Saratu ta gaya mini. Ina jin nauyin mutumin nan ƙwarai, kuma a raina babu abin da nake so irin wata rana ya dube ni ya ce lallai 'yarsa ta auri namiji.

Saratu ta koma gidansu goyon ciki, ta sauka lafiya, namiji. Ana cikin murna, sai masu wuta suka kawo ta da haukan da suka saba, fitilar Teku ta yi ɗas ta ƙone. Wata doguwa ce shimfiɗaɗɗiya mai ba da haske shuɗi-shuɗi, daga waje ya sayo ta. Nan fa hankalin Baba ya tashi, domin in murjani ya daɗe ba haskensa sai ya koɗe ya mutu. Ya ɗauko waya ke nan zai kira wani mutum a Legas, sai Kaka, mahaifiyar Inna, ta yi caraf a gaban matan da suka zo barka.

Ita Kaka tun ranar da aka ɗaura aure ta ce ni angonta ne, Saratu aro ta yi, kuma bakinta ba ya da murfi.

"Legas ta mi?" in ji ta. "Ga angona na saida hitila cikin garin ga, a tai Legas neman hitila? Sai a ce mun raina shi!"

Baba ya mayar da waya aljihu. Yaya zai yi? In ya saya a waje, gobe gari ya ɗauka cewa Alhaji bai yarda da sana'ar surukinsa ba.

Da yamma Saratu ta kira ni. "Maigida, ka iya hitilar Teku? In ba ka iya ba ka hwaɗi tun yanzu, Dattijo na ka mutuwa."

Allah ya ba ni ƙofa a buɗe, na sa ƙafa na rufe ta. Na ce, "Ni? Ki ce ma Baba shi kwantar da hankalinai. Wanga ai ƙaramin aiki na."

Na zauna a shago na yi nazari irin na masana. Ruwa dai mai zurfi ne, ko? Haske kuma sai ya kai ƙasa, ko? To ai na sha ganin masunta ta wajen Wara suna rataya fitila a gaban kwalekwale, ƙananan kifi su taso daga can ƙasan tafki su zo wurinta. In fitilar masunci za ta kira kifi daga gindin Kainji, ina ga wadda ta ninka ta sau nawa? Na miƙe na sauko da irin fitilar nan da ake kafawa a gidajen mai, wadda in ta haska ka sai ka ga jijiyoyin hannunka. Ko waya ban duba ba don in ga yadda ake yi. (Ina da waya, ina da data. Hankali ne ba ni da shi.)

Na je na rataya ta a silin, daidai saman Teku, na kunna. Kifayen suka watse suka shige bayan duwatsu kamar an ce ga 'yan sanda. Baba ya shigo, na zube ƙasa. Ya dubi fitila, ya dubi Dattijo, ya daɗe yana shafa gemu.

"Madalla, Malam," ya ce, ya fita.

Ban kai gida ba saƙo ya iso ta bakin Saratu: "Baba ya ce hitilag ga akwai ƙarhi ƙwarai." Kaina ya kumbura har hula ta matse ni. Na tsaya wurin mai shayi na ba da labari ba wanda ya tambaye ni.

Washegari na koma duba aikina, na tarar fitila a kashe. Na ce makunni ne ya yi sanyi, na canza shi. Da yamma wani saƙon ya zo: "Baba ya ce a teku, hasken da ka kai ƙasa shuɗi na." Na ce ai wannan mai sauƙi ne. Na ɗauko fitila ta biyu na naɗe mata fuska da shuɗiyar leda. Ba a yi nisa ba leda ta narke ta kama ɗiga, falo ya ɗauki ƙaurin bola. Ban karaya ba. Na kankare, na sayo shuɗin fenti wurin masu fentin ƙofa, na shafe gilashin fitilar tas. Abin da ya fito wani irin haske ne da in ya sauka a fuskar mutum sai ka ce ya kwana biyu a asibiti.

Na sake komawa, na sake tarar da su a kashe. Na sake canza makunni, ina ta zagin 'yan kasuwar da ke kawo mana jabu.

Saƙo na uku ya fi kowanne taushi: "Baba ya ce ka yi ƙoƙari, Allah shi yi albarka, ka huta hakanan, kak ka wahal da kanka." Duk mai hankali ya san abin da dattijo ke nufi in ya ce ka huta. Ni sai na ɗauka gwada ni yake yi, ya ga ko ni rago ne. Na ce wallahi ba ni hutawa. Na ƙaro biyu, suka zama huɗu.

Ranar jajibirin suna na yanke shawarar da ta gama da ni. Tunda makunni ya ƙi zama, a cire makunni. An kawo babban janareta domin haska tsakar gida, inda mata za su yi ta daka da girkin gobe, sai na ja waya daga fitiluna kai tsaye zuwa jikinsa. In inji ya tashi, su tashi. In ana so su mutu, sai dai a kashe inji, gidan suna duka ya koma duhu. Na tsaya na riƙe ƙugu ina sha'awar dabarata.

Da la'asar ranar aka yi ruwan farko mai ƙarfi na shekarar, irin wanda ƙasa ke sha ta yi ta tururi. Kowa na cewa yaro ya zo da albarka. Aka yi magariba, na yi sallata a gurguje na dawo, na bar Baba a masallaci yana lazimi. So nake ya shigo ya tarar da abin mamaki. Na ci shaddata, na kafa hula, na ce a tada inji.

Jama'a, rana ta fito a falon surukina. Hasken ya fita ta tagogi ya ratsa tsakar gida ya sauka har kan kogi. Zakaran maƙwabta ya yi cara, wallahi da kunnena na ji. Sai dai zafi! Kafin a jima gumi ya jiƙa mini baya, na taɓa gilashin Teku na ji ya fara ɗumi. Na ce ba komai, iska ake bukata. Na buɗe ƙofa, na zuge tagogi har da ragar sauron da ke jikinsu. Na hau tsani na cire murfin Teku ma gaba ɗaya, don ruwa ya sha iska, haske kuma ya shiga ba shamaki.

Sai wani abu ya bugi goshina. Na kaɗe. Wani ya shiga wuyan rigata. Na ɗaga kai.

Shinge.

Duk yaron da ya tashi a Yauri ya san yadda ake kama shinge. In an yi ruwan farko, da magariba gara masu fiffike za su fito daga suri, sai ka kunna fitila, ka ajiye kwanon ruwa a ƙarƙashinta, su yi ta zagaya haske suna faɗawa ciki. Ni kaina na yi wannan tun ina yawo ba wando. Fitila a sama, ruwa a buɗe a ƙasa. A tsaye a kan tsanin nan na gane cewa duk wahalar da na sha a makon, tarkon shinge na haɗa, kuma ban taɓa jin wanda ya kai shi girma ba a duk ƙasar Kabi.

Suka yi ta shigowa. Na rantse har na tsallaken kogi sun sami labari. Ba su kaɗai ba, da ƙwarin bakin ruwa, da wasu masu kore da ban taɓa gani ba, duk an zo suna. Falo ya yi duhu da fiffike duk da fitilu huɗu. Saman ruwan Teku ya rufe ruf kamar an barbaɗa dusa.

Daga tsakar gida na ji muryar Talatu, maƙwabciyarsu da ta zo taya girki: "Shinge! Shinge na cikin hwalon Alhaji! Ku kawo roba!"

Mata suka watsar da taɓare. Falon da ko Inna sai ta yi sallama take shiga, sai ga shi cike da masu fanteka, masu kwando, masu tsintsiya, wata ma da zanen goyo take kamfata. Kaka ta shigo tana dogara sanda tana guɗa.

"Angona ya yi! Wasu rago guda suka kawowa, shi ko ya kawo nama daga sama!"

Na yi ihu, "A kashe inji!" Wa zai ji ni? Wadda ta ji ma ta ce, "A kashe mi? Kak ku kashe, yanzu sunka hwara zuwa!"

Abu ɗaya da na taɓa tsinta daga bakin Saratu shi ne ruwan Teku ba ya son ƙazanta, ko hannu Baba ba ya sawa sai ya wanke. Ga shi na zuba masa miyar ƙwari. In Dattijo ya mutu, a hannuna ya mutu, da wace fuska zan sake durƙusawa a zauren nan?

Na fizge rariya daga hannun wata mata. Na tuɓe shadda, na cire hula, na rage daga ni sai singileti da wando, a gidan surukaina, ni da ko agogo ba na kwancewa a gidan. Na hau tsani na kama kwashe ƙwari ina watsarwa ƙasa, mata suna tarewa da faranti suna sa mini albarka. Na kwashe na kusa. Na miƙa hannu na kwashe na tsakiya. Saura na can ƙarshe. Na ɗage a kan yatsun ƙafa, na ɗora ciki a bakin gilashi, na miƙe iya tsawona.

Tayil ya riga ya yi santsi da man shingen da aka tattake. Tsani ya ce sai wata rana.

Na tafi da ka. Cikina ya maƙale a bakin gilashi, rabina na sama yana cikin Teku, rabina na ƙasa yana falo, ƙafafu suna harbin iska. Ni da na tashi a bakin kogi, ni da nake iyo har tsibiri in dawo ban huta ba, ga ni zan nutse a ɗaki, kusa da kujera. Na buɗe baki zan yi salati, na sha teku. (Ban taɓa zuwa Legas ba, amma na san ɗanɗanon teku, kada wanda ya yi mini gardama.) Hannuna ya laluba ya damƙi wani abu don in tokare, na ji ya yi ƙas.

Kuskuren da na ƙara shi ne buɗe ido. Aikina ya yi kyau, ba ƙarya, hasken ya kai har ƙasa, komai ana gani tar. Wani ɗan kifi ruwan goro mai ratsin fari ya fito daga bayan dutse ya tsaya daidai hancina. A bayansa, ta cikin gilashi, ga fuskar Inna. Surukata. Matar da ban taɓa haɗa ido da ita ba tun da na auri 'yarta. Muka kalli juna, ni a kife kumatu a kumbure, ita da fanteka a hannu. Ta ja mayafi ta rufe fuska, amma kafaɗunta rawa suke yi.

Sai na ji an cafki ƙafafun wandona an ja da ƙarfi. Zariya ta ce ba da ita ba. Wando ya tafi, ni na zauna.

Abin da ya rage a jikina wani gajeren wando ne da na saya a gwanjo, ruwan ɗorawa, da hoton abarba a ko'ina. Na saye shi ne bisa yarjejeniyar ba mai ganinsa sai Allah. Ga shi a sama, ƙarƙashin fitilu huɗu na gidan mai, ɗaya shuɗiya, a gaban matan unguwa guda. Ko a cikin ruwa na ji ihun da aka yi.

Karo na biyu aka kama idon sawuna aka finciko ni. Na zube a kan tayil ina tari, ina aman gishiri, fiffiken shinge manne a gashin kaina. Na ɗaga ido in gode wa wanda ya cece ni. Baba ne. Carbi a wuya, wandona a kafaɗa.

Na yi fatan ƙasa ta tsage, amma tayil ne, ba ya tsagewa. Kuma saboda tsabar sabo, ka san abin da na yi? Na gyara durƙuso, a jiƙe, cikin abarba, na ce, "Baba, ina wuni?"

Kaka ta zauna daɓas a ƙasa don dariya. "Saratu! Taho ki ɗauki kayanki, na sake shi! Ba ni zama da mai abarba!"

Baba bai yi dariya ba. Ya juya ya daka tsawar da ban taɓa sanin yana da ita ba: "A kashe inji!" Nan take aka kashe. Duhu ya rufe ni, ban taɓa son duhu irin na ranar ba. Mata suka sulale da ganimarsu. Na ji an jefa mini wani abu mai laushi, babbar rigarsa ce ya tuɓe.

"Sa wagga. Ka riƙa min tocila."

Sai a hasken tocilan na buɗe hannuna na dama, wanda tun daga cikin ruwa yake a dunƙule. Reshen Dattijo ne, kamar tsawon ɗan yatsa. Na miƙa masa. Ya karɓa a hankali, ya sa a kofi da ruwan Teku. Gara a ce mari ya ba ni.

Muka kama aiki mu biyu. Yana kwashe ƙwari da 'yar komarsa, ina haskawa. Yana zuƙe ruwan sama da tiyo, ina jido sabo daga duron da yake dama gishiri. Can dai abin ya fi ƙarfina, na ce, "Baba, ka gahwarce ni. Wallahi ban san komi ba ga hitilar Teku. Ban taɓa ganin irinta ba sai gidan ga."

Ya ajiye koma. Karon farko ya dube ni a ido.

"Na sani. Tun randa kar rataya ta hwarko nas sani. Wa kaka tsammani shika kashe ta in ka hita?"

Na tuna makunnai biyu da na cire na jefar ina zagin 'yan kasuwa.

"Na ce ma uwar gidan ga, hitilag ga dahwa min murjani za ta yi, a ce mai shi cire. Mi anka ce maka?"

"An ce ka ce akwai ƙarhi ƙwarai."

Ya rufe ido. "Na ce yaron ga zai kashe ni, a roƙe shi don Allah shi bari. Mi anka ce maka?"

"An ce ka ce Allah shi yi albarka."

Daga bayan labule muka ji Inna ta ce, "To ni in ce ma ɗiya mijinta bai iya ba? Da jego?" Saratu kuma daga ɗaki ta ce, "Ni ko gyara kaɗan niy yi." Ashe kowace in maganar ta zo hannunta sai ta ɗan zuba mata suga, kafin ta iso wurina ta zama alewa.

Baba ya zauna a kan tsanin da ya ci amanata ya kama dariya, har da share hawaye. Sannan ya yi mini bayanin da tambaya ɗaya da ta samo mini tun ranar farko. Ba yawan haske murjani ke so ba, irinsa yake so. Ruwa yana shanye ja da rawaya tun daga sama, shuɗi ne ke nitsawa, kuma fitilar ce ke haifar da shi, ba fenti ba. Akwati mai zurfi yana son fitila mai tattara haskenta ta tura shi ƙasa, wadda ba ta ɗumama ruwa. Ko ita ma ba a sakar masa ita gaba ɗaya, da kaɗan-kaɗan ake ƙarawa har ya saba, kamar wanda ya tashi daga jinya ake fara ba shi kunu.

"Da ka tambaye ni da na hwaɗa maka," ya ce. "Ni ma da na buɗe baki na hwaɗa maka da ba mu kai nan ba. Kunya tas sa kay yi ta ratayawa, kunya tas sa niy yi ta kashewa."

Washegari aka raɗa wa yaro suna. Na zauna a cikin maza da leɓe a kumbure, don wani abu a Tekun ya harbe ni, ina cewa ƙudan zuma ne, ana cewa Allah ya sawwaƙe ana kallon gefe. Ragon suna ya yi saura, amma soyayyen shinge da gishiri da yaji ko ɓurɓushi bai rage ba. Kaka ta ɗaga jariri ta ce ita dai Ɗanshinge ta sani, kuma shi ya bi shi. Yanzu yana firamare, malamansa ma haka suke kiransa.

Fitilar gaskiya daga Legas ɗin dai ta zo, ni na yi odarta, Baba yana tsaye a kaina yana faɗa ina maimaitawa. Amma Dattijo bai kai labari ba. Duhu, da zafi, da ƙwari, da nauyin ƙato guda, sun yi masa yawa. Ya yi ta koɗewa har ya koma fari fat kamar ƙashi. Ranar da Baba ya ciro shi, na ga ya juya baya ya daɗe yana goge tabarau. Na ji ciwon abin nan har raina, har yau ma ina ji.

Na daina zuwa gidan sai dole. Sai wata safiya wayata ta yi ƙara, lambar Baba, shi da kansa, ba ta hannun kowa ba. Ya ce in zo. Na je na tarar da shi a gaban Teku. Ya nuna mini wani ɗan dutse a tsakiya. Reshen nan ne da na karya, ashe ya manna shi a kai ya yi ta lallaɓa shi. Ya yi kore, bakinsa ya yi ruwan hoda, har ya fara fitar da ɗan ƙaho.

"Duk jikin Dattijo, wanda kak karya ɗai yar rayu," ya ce. "Taho ka riƙa min tsani, ɗana."

Na riƙe tsanin nan da hannu biyu kamar raina ne a kai, ina ta ƙifta ido, ina cewa gishiri ne.

Tun daga nan na kawo "ban sani ba" shago, kuma tana tafiya fiye da yadda na zata. In Saratu ta ce mini "Baba ya yaba", ba na tsayawa jin sauran, babur nake hawa in je in ji daga bakinsa. Har yau ina tuɓe takalmi a zaure, ina durƙusawa, amma in ban gane ba ina tambaya. Mutumin da ya riga ya ga abarbata, me kuma ya rage da zan ɓoye masa?